Shekarar da Maliki Ya Zo Nima

'Ya'yana, na san abin da kuke ji a wuraren suna da makoki idan mutanen gidan Yaya Inusa suka ware gefe guda. Cewa suke ubanku ya kawo oburoni Nima, wato Bature, ya zagaya da shi bakin gota, babbar magudanar ruwan nan, ba a daɗe ba katafila ta zo. Duka ukun sun faru, kuma a jere yadda suke faɗa. Abin da ba su sani ba shi ne ko wane ne mutumin, da abin da ya gaya mini. Yanzu da ƙafa ta hana ni zuwa shago, bari in rubuta muku, don ku daina ɗaga murya da 'yan'uwanku a kan abin da ku da su ba ku gani ba.

Da farko dai ba Bature ba ne. Sunansa Malik, ni nake kiransa Maliki, mutanensa kuma ana ce musu Inuwit. Na san shi ne lokacin da nake aikin kuku a jirgin ruwa. Daga tashar jiragen ruwa ta Tema na tashi ina saurayi, wannan jirgi ya miƙa ni ga wancan, har na tsinci kaina a wani jirgin kamun jatan lande a gaɓar Girinlan, ƙasar da a lokacin Denmak ke riƙe da ita. Can duwatsun ƙanƙara ke yawo a kan teku, wani ya fi babban masallaci girma. Maliki yana cikin masu jan raga: gajere, mai faɗin ƙirji, idanunsa ƙanana, ba ya dariya da ƙarfi. Ranar da na ji sunansa na yi masa sallama da Larabci, ina tsammanin na samu ɗan'uwa musulmi. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce da ni cikin Turancin jirgi wai a harshensu sunan yana nufin igiyar ruwa. Da rani a can rana ba ta faɗuwa, na rasa yadda zan gane magariba da isha. Da ya fahimci abin da ke damuna, shi ya ɗauki nauyin duba agogo, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofar kicin yana cewa, "Kuku, lokacinka ya yi."

A kicin ɗin nan ya ba ni labarin ƙauyensu. Mahaifinsa maharbi ne, yana farautar wata dabbar ruwa mai kitse, kusan irin ayu, yana da karnuka masu jan keken ƙanƙara. Wata rana aka manna takarda a ƙofar kantin ƙauyen cewa gwamnati ba za ta ƙara aiko da jirgin kaya ba, za a rufe makaranta, kowa ya koma gari. Waɗanda suka yanke shawarar suna can Denmak, ba su taɓa ganin ƙauyen ba. Aka zuba su a dogayen benaye, aka raba dangi, wannan a sama wancan a wani ginin. Ba a yarda da karnuka ba, sai uban ya harbe nasa da hannunsa kafin su shiga jirgi. Daga nan bai ƙara wani aiki ba, sai zama a bakin taga.

"Abin da ya ci shi," in ji Maliki, "bai samu wanda zai zaga ba. Takarda ba ta da fuska."

Siyasarsa a gabana ta fara. Duk lokacin da muka sauka a gaɓa sai ya tara masunta a ɗakin shan shayi na tashar jirgi, ya yi ta magana da harshensu, ni kuwa ina gefe ina soya musu kifi da barkonon da nake ɓoyewa. Ba na jin abin da yake cewa, amma ina ganin yadda tsofaffi ke ajiye kofi su saurara. Kyaftin ɗinmu ya yi masa kashedi sau biyu, a na uku Maliki ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ya tsaya takarar majalisar garin, ya ci. Shekarata ta ƙarshe a can ita ce shekarar da mutanensa suka jefa ƙuri'a suka zaɓi su riƙa tafiyar da al'amuran cikin gidansu da kansu. Na ga mata tsofaffi suna kuka a kan titi cikin sanyin da ke fasa leɓe. Bayan na dawo Nima na auri uwarku Hajara, na buɗe shagon kifin ƙanƙara a Kasuwar Malam Atta, labarinsa ya riƙa zuwa mini ta bakin ma'aikatan jirgi: ya shiga babbar majalisar ƙasarsu, ya zama jagoran jam'iyyarsu, an ba shi riƙon harkar kamun kifi, wadda a can ita ce rai gaba ɗaya.

To, shekarar da nake son in ba ku labari, sojoji ne ke mulki a nan, kuma ba a daɗe da fita daga yunwa ba. Mutum ba ya magana a cikin trotro, motar haya, sai ya duba wanda ke bayansa. Da damina ta sauka, babbar gotar da ta raba Nima da Mamobi ta cika ta yi ambaliya, ta shiga ɗakuna, ta tafi da wata mata da goyonta. Bayan sadakar bakwai sai ga wani hafsa da mutanen hukuma a ƙofar masallacinmu. Ya ce za a faɗaɗa gotar a yi mata siminti, gidajen da ke bakinta za su tafi. Ya ba mu zaɓi biyu: ko unguwa ta fitar da mutum ɗaya da zai bi safiyo a ja layi, a tsara inda mutane za su koma, ko kuma su zo da katafila ranar da suka ga dama. Yana tafiya Malam Tanko liman ya juyo ya dube ni, sauran dattawa ma suka dube ni.

"Sani," ya ce, "kai ka ga duniya, kana jin Turancinsu. Wannan kaya naka ne."

Na ce a ba ni lokaci in yi shawara. Duk wanda ke wurin ya san dalili. Gidan mahaifinmu a bakin gota yake. A ciki aka haife mu, a ciki Baba ya cika, kuma a ciki Mma take zaune tare da wana Inusa da iyalinsa. Ni a lokacin ina haya ne can sama, wajen Kanda.

Uwarku ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Tana tuƙa tuwon zafi, ko juyowa ba ta yi ba.

"Malam, kada ka taɓa. In soja ya rushe, za a ce soja. In kai ka rushe, har jikokinka za a gaya musu. Ni ce zan je kasuwa, ni ce zan je awo asibiti da matan nan. Ka yi tunanin wannan?"

Yaya Inusa kuwa akasin haka ya zo mini da shi. Ya same ni a shago, ya ja ni bayan firiza, yana murmushi.

"Karɓa, ƙanena. Allah ne ya kawo. Layi ai hannu ke jan shi. In kana wurin, ya ɗan karkata can, shi ke nan."

"Can ɗin akwai mutane, Yaya."

"Ko'ina akwai mutane. Amma ba ko'ina uwarka take ba."

Ina cikin wannan hali, wata ranar Asabar da la'asar sai ga tasi ta tsaya a bakin lungunmu, yara sun kewaye ta. Wani gajeren mutum ya fito da kwat a hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, gashinsa ya fara fari. Ya dube ni ya ce, "Kuku." Ashe taron ƙasashe masu kamun kifi ya kawo shi nan Ankara, babban birninmu, ya je Tema ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa ni. Ya baro motar gwamnati da mai tsaronsa a otal. Hajara ta kawo masa tuwo da miyar ayoyo, ya ci da hannu, hawaye na zuba saboda yaji, yana cewa a ƙara. Da rana ta yi sanyi ya ce in nuna masa inda aka haife ni. Haka muka gangara bakin gota, mutane na leƙe ta taga. Na kai shi ya gaida Mma. Ta dube shi da kyau ta ce da ni, "Wannan oburonin naka ya yi kama da mutane," ta ba shi goro. Da muka fito muka tsaya a kan ƙaramar gadar katako, wari na tasowa, na kwashe komai na gaya masa. Na ƙare da cewa shi ai ya huta, tunda yanzu su ke mulkin kansu, ba mai tashin ƙauyen kowa.

Ya dubi ruwan ya ce:

"A bara na rufe wani ƙauye, Kuku."

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce kifi ya ƙaura daga wannan gaɓa, masana'antar gyaran kifin da ƙauyen ya dogara da ita ta zama kango, kuma abin da ake kashewa don a riƙe ta shi ne abin da asibitin yankin ke jira. A majalisa ya yi ta ja har ya ga ba mafita. Ma'aikatansa suka ce a aika da sanarwa, ya ce a'a. Ya shiga kwalekwale mai inji ya tafi da kansa, ya tsaya a cikin cocin ƙauyen ya gaya musu da harshensu. Ƙanwar mahaifiyarsa tana zaune a layin gaba. Da ya gama, ta tashi ta juya masa baya, ta tsaya a haka har ya fita. Wani saurayi ya bi shi har bakin ruwa yana yi masa magana da harshen Denmak, don ya nuna masa abin da ya zama.

"To me ya bambanta ka da masu takarda?" na tambaye shi. Ban yi niyyar ta fito da zafi haka ba.

"Wataƙila ba yawa," ya ce. "Sun tafi da kwalekwalensu da karnukansu. An zaunar da su wuri ɗaya, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa. Su suka zaɓi watan tashi. Kuma sun san gidana. Duk wanda ya ga dama yana zuwa ya zage ni, in ba shi kofi. Mahaifina bai samu wannan ba." Ya share gumi da hannun riga. "Zaɓe na zuwa, kuma ina jin zan faɗi. Ba zan ce maka ka karɓa ba. Amma in ka karɓa, kada ka jira godiya. Kuma in ka karkatar da layin nan saboda gidanku, ka tabbata ba za ka iya kallon kowa ka ce masa ya tashi ba."

Iyakar abin da ya wakana tsakanina da shi ke nan. Bai ba ni komai ba sai wata 'yar wuƙar fatar kifi. Washegari ya tashi. Kwana biyu bayan haka wasu samari masu jan ƙyalle a hannu, 'yan kwamitin juyin juya hali na unguwa, suka zo shago suka tafi da ni wani ofis. Aka zaunar da ni a benci tun hantsi har la'asar ana maimaita tambaya ɗaya: wane ne baƙon, me ya zo aunawa a gota, wace ƙasa ta aiko shi. Na ce abokin aikina ne na jirgi, yanzu kuma minista ne a ƙasarsu. Wanda ke tambayar ya ce, "Minista ne abokin kuku?" Sai da suka yi waya otal aka tabbatar musu baƙon gwamnati ne suka sake ni. Kafin in iso gida, labari ya riga ya zaga Nima cewa oburoni ya sayi bakin gota.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na gaya wa Malam Tanko na karɓa, amma da sharaɗi: duk abin da za a yi, a faɗe shi a ƙofar masallaci kowa na ji. Na yi makonni ina zirga-zirga tsakanin ofishin hafsan nan da unguwa. Mutum ne mai saurin fushi, bindigarsa kullum a kan tebur. Ranar da na ce masa ba za a taɓa gida ko ɗaya ba sai bayan babbar salla, ya miƙe tsaye ya ce ko na san inda ake kai masu yi wa gwamnati gardama. Na ce na sani, amma in ya kai ni can sai ya nemo wanda zai shiga lungunan nan ya yi magana a saurare shi. Ya zauna. A haka muka samu lokaci, muka samu izinin kowa ya cire kwanon rufinsa da ƙofofinsa da katakonsa da kansa, muka samu fili a wajen unguwar Madina, can bayan gari, inda za a zaunar da mutanenmu a haɗe, da motocin da za su kwashe kaya.

Sai ranar jan layi. Safiyo na gaba da abin awonsa, wani na bin sa da jan fenti, ni ina tsakiya, unguwa duka tana bayanmu. Da muka iso kwanar gidanmu safiyon ya tsaya. A nan gotar ta yi lanƙwasa. Ya rage murya ya ce mini ana iya cin wannan gefe, ana iya cin wancan, duk ɗaya ne a wurinsa, sai dai wannan gefen ya fi miƙewa, ruwa zai fi gudu. A wannan gefen gidanmu ne kaɗai. A wancan kuwa wani dogon gidan haya ne cike da Kotokoli da Zabarmawa masu dako a kasuwa, ɗaki bayan ɗaki, kowanne da iyali. Sun fito sun jeru a bakin ƙofa. Sun san ba su da kowa a wurin. Yaya Inusa ya matso har ina jin numfashinsa.

"Sani, ga Mma can tana kallonka."

Tana kuwa kallona, daga kan tabarmarta a zaure, da carbi a hannu. Na ce da mai fenti ya sa a bangonmu. Hannunsa ya tsaya, ya dubi safiyo, ya dube ni. Na karɓi burushin na shafa da kaina, a kan bangon ɗakin da aka yanke mini cibiya. Yaya Inusa bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce kawai, a gaban jama'a, "Daga yau ba ni da ƙane," ya shiga gida.

Da yamma na koma na durƙusa a gaban Mma. Na fara yi mata bayanin ruwa da lanƙwasa, ta ɗaga hannu.

"Na ji. Mutanen can sun fi mu yawa, na iya lissafi. Ubanka ya ɗauko ƙasar ginin nan a kansa, ni ina ɗauke da cikin Inusa ina ba shi ruwa. Wannan ma ka sa a lissafinka?"

Na ce na sa.

"To tashi ka tafi. Ban yi maka baki ba. Amma kada ka ce in yi murna."

Bayan salla aka fara kwashe kaya. Na roƙi Mma ta dawo wurina a Kanda, Hajara ta share mata ɗaki ta sa sabon labule. Ta ƙi. Ranar tashi na miƙa hannu in taimake ta hawa mota, ta kama hannun jikarta maimakon nawa. Ta bi Yaya Inusa Madina, inda a lokacin ba famfo, ba inuwa, ba ƙawayenta na asuba. Ina zuwa duk Juma'a, in gaishe ta daga bakin ƙofa saboda mai gidan ba ya son ganina, ta amsa, ta tambayi lafiyarku. Shekara biyu ta yi a can ta rasu. Uwarku kuma abin da ta faɗa ya tabbata: an daina sayen kifi a wurinmu na tsawon lokaci, an daina kiranta wurin suna, kuma ko sau ɗaya ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Mutanen dogon gidan hayar ma ba wanda ya zo ya ce mini sannu. Wasunsu har cewa suke lallai an biya ni da yawa, tunda har na sayar da gidan ubana.

Maliki ya faɗi zaɓen, kamar yadda ya hango. Jam'iyyarsa ta sauke shi, ya koma kamun kifi da ƙaramin jirgi. Bayan wasu shekaru aka sake zaɓensa majalisa, kuma wani ma'aikacin jirgi ya gaya mini har da ƙuri'un wasu daga mutanen ƙauyen da ya tayar, ko da yake innar tasa ta mutu ba ta yi masa magana ba. Ba mu sake haɗuwa ba. Labarin rasuwarsa ma a Tema na tsince shi, ya riga ya tsufa.

Damina ta biyu bayan rasuwar Mma aka yi wani ruwa da ya fi na shekarar ambaliya. Da ya tsagaita da hantsi na sa takalmin roba na gangara bakin gota, kamar yadda mutane da yawa suka yi. Ruwa ja wur yana gudu cikin siminti, ya kusa baki, yana ɗauke da katako da matattun kaji, amma bai haura ba. Ina tsaye daidai kwanarmu sai na ga mutum a gefena da lema. Yaya Inusa ne. Tun daga Madina ya shigo mota cikin ruwan nan. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Bai gaishe ni ba. Muka tsaya muna kallon ruwan. Can ya nuna wani wuri a tsakiyar igiyar da bakin lemarsa.

"Nan gadon Mma yake," ya ce.

Na ce, "Nan ne."

Ya ƙara tsayawa kaɗan, sannan ya juya ya hau lungu ya nufi tasha. Ita ce magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma har yau ban san ta wace fuska ya faɗe ta ba. Da ya rasu ni na yi masa wanka, 'ya'yansa ba su hana ni ba.

Saboda haka idan kun haɗu da su, ku riga su gaisuwa. In sun ce ubanku ya rushe gidan kakanku, ku ce haka ne, don ni na shafa fentin.